Tudu da kwari a Kaita: lafiyar garke tana bin yanayin ƙasa

Gundumar Kaita, a ƙasar Adar cikin jihar Tawa, ƙasa ce ta tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai, cike da duwatsu, da kwaruruka masu zurfi a tsakaninsu. A aikina na duba lafiyar dabbobi na lura cewa kusan kowace cuta a nan tana da wurinta da lokacinta.

Damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 ba. Idan ya sauka kan fako ba ya shiga ƙasa, sai ya gangaro da ƙarfi cikin ƙoramu yana cin gonaki. Shi ya sa aikin raya karkara na Kaita, wanda aka soma a 1984 da tallafin Italiya da hukumar FAO, ya duƙufa kan jera duwatsu, gina madatsun ruwa da dasa miliyoyin itatuwa. Mata ne suka ɗauki kaso mai yawa na wannan wahala. Yau ana noman hatsi da wake a jigawa, dawa a fadama, albasa da tumatir kuma da rani.

Da damina, gonaki sun rufe kwari, don haka bisashe suna hawa tudu ko su wuce Arewa. A tudu ciyawa sabuwa ce, amma duwatsu suna fasa kofato. Dabbar da ke ɗingishi a duba ƙafarta tun ranar farko, a wanke ciwon kafin ƙuda ya zuba masa tsutsa. A kai musu kanwa ko gishirin lasa, domin dabbar da ta rasa gishiri takan tauna ƙashin mushe, abin da kan jawo shanyewar jiki da mutuwa.

Babban haɗari yana zuwa bayan kaka, lokacin da hukuma ta ba da ranar sakin gonaki. Garkunan gari da na masu dawowa daga Azawak duk suna haɗuwa a tabki ɗaya. A nan annobar awaki da tumaki, wadda muke kira PPR, take yaɗuwa: zazzaɓi, majina, gyambo a baki da zawo. Ba ta da magani, rigakafi kawai gare ta, kuma allura ɗaya tana kare dabba shekaru uku ko fiye. Ciwon huhun shanu ma ta numfashi yake bi a irin wannan cunkoso. Gwamnati tana yin allurar cututtukan nan biyu kyauta kowace shekara. Ina roƙon makiyaya su kawo garken gaba ɗaya, kada a ɓoye rabi a bayan dutse.

Ruwan da madatsai suka tsare alheri ne, amma ruwan kwance yana tara dodon koɗi, wanda ke ɗauke da tsutsar hanta. Dabbar da ke ramewa ga kumburi a ƙarƙashin haɓa, a nemi ma'aikacin dabbobi ya auna mata maganin da ya dace da nauyinta. Maganin kasuwa da ya sha rana asarar kuɗi ne. A kuma kiyayi gyauron dawa: ɗanyen tohonsa yana da guba mai kashe saniya cikin ɗan lokaci.

Ga ƙungiyoyinmu, aikin kaka shi ne tara harawa da kara a inuwa, a sayi dusa tun tana da araha. Watan Afrilu da Mayu tudu ƙurmus yake, kuma dabbar da ta shiga bazara da yunwa ita ce ruwan farko ke kayarwa. Ku zauna da manoma kan burtali da mashaya tun kafin garke ya sauko.