Katangar tsaron kwamfuta: ku duba ko taku tana kunne

Gidaje da yawa yanzu akwai kwamfuta, wadda wasu ke kira ordinatar. Wata ɗan'uwa ne ya aiko daga Faransa, Libiya ko Gana, wata kuma ta hannu ce aka sayo a kasuwa saboda karatun yara ko lissafin shago. A cikinta akwai hotunan iyali, takardun makaranta da lambobin sirri. To wa ke gadinsu idan an hau intanet?

Mai gadin yana nan cikin na'urar, kuma ba a biyansa ko dala. Shi ne katangar tsaro, wadda Windows na Faransanci ke rubutawa Pare-feu. Tun 2004 kamfanin Microsoft ke fitar da Windows da ita a kunne, bayan da wata cutar kwamfuta mai suna Blaster ta yi ɓarna a duniya a 2003.

Ga yadda take aiki. Kwamfuta tana da ƙofofi fiye da 65,000 da saƙonni ke shiga da fita ta cikinsu, kowace da lambarta. Idan kai ka buɗe shafi, wato ka aika ɗan aike, katangar tana barinsa ya dawo da amsa. Amma idan baƙo ya ƙwanƙwasa daga waje ba a kira shi ba, sai ta hana shi shiga. Kada mutum ya ce wa ya san ni a ƙauyenmu. Ɓarayin intanet ba suna suke bi ba, na'urorinsu ne ke zagaye dare da rana suna taɓa kowace ƙofa. A watan Mayu na 2017, cutar WannaCry ta bi ta ƙofa mai lamba 445 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, ana neman kuɗin fansa kafin a buɗe wa mutum takardunsa.

Wata matsala ita ce a kashe katangar a manta. Manhajojin sata da ake zuba wa mutane kyauta sukan buƙaci a kashe ta kafin su shiga. Mai gyara ya kashe, ya gama aiki, ka ɗauko abinka ka taho gida da ƙofa a buɗe. Don haka duk ranar da kwamfuta ta dawo daga gyara, ku duba. A Windows 10 da 11, ku nemi Sécurité Windows, ku shiga Pare-feu et protection du réseau. Za ku ga layi uku. Kowanne ya kamata ya nuna a kunne yake. Idan kun ga jan alama, ku danna Activer. Masu Mac su lura, tasu takan zo a kashe, sai an kunna da hannu.

Sai batun wifi. Idan kun sayi tikitin wifi na unguwa, ko kun hau na tasha ko na otal, kun shiga zaure ɗaya da mutanen da ba ku sani ba. A nan ku zaɓi Réseau public, domin katangar ta ɓoye kwamfutarku daga sauran. Réseau privé na wifin gida ne kawai. Haka kuma idan saƙo ya fito yana neman izinin wata manhaja ta ratsa katangar, alhali ba ku san ta ba, ku ƙi.

Amma hwa mu faɗi gaskiya: mai gadi ba ya tare wanda maigida ya riƙo wa hannu. Cutar da ta zo a kile USB daga wurin masu tura waƙoƙi da finafinai, katanga ba ta ganinta. Wannan aikin manhajar kashe cuta ne. Wanda ya kira ku ya ce ku sa AnyDesk ko TeamViewer ya gyara muku daga nesa, idan kuka karanta masa lambar, ku kuka buɗe masa da kanku. In ba ɗan gida ba ne da kuka tabbatar da muryarsa, kada ku bayar.

Ga ƴan'uwanmu na waje masu aiko da kaya: Microsoft ya daina gyaran Windows 7 a Janairu 2020, na Windows 10 kuma wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025. Tsohon Windows yana da ɓarakar da ba a ƙara toshewa. Kafin ku ba direba saƙon, ku sabunta shi, ku kunna katangar, ku sa lambar sirri, sannan ku nuna wa yaro ɗaya a gida inda ake dubawa.

Mu kuma na gida, yau da dare idan an buɗe kwamfuta, a fara da wannan dubawar. Ba ta cin minti biyu. Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu.