Tab Ɗin Da Za Ta Yi Aiki Ran Da Babu Sabis

Bayan girbin bara, wani kawuna da ke Gummi ya sayar da buhunan dawa, ya ba wani direba sautu ya sayo wa 'yarsa tab daga birni. Ina nufin kwamfutar hannun nan mai siffar allo, wadda a wajenmu ko wace iri ce aifad ake ce mata. Yarinyar na shirin jarrabawar JAMB ne. Umarnin da kawu ya ba direba bai wuce "babba, mai kyau" ba, kuma babbar aka kawo. Kwalin kaɗai abin kallo ne: an rubuta RAM giga 16, ma'aji giga 512, ga kyautar alƙalami da madannai da abin sauraro a ciki. Har maƙwabta suka shigo sa albarka.

Mako uku bayan haka ya kira ni. "Ɗana, taho ka diba man abin ga, ya hwara gardama." Na je na tarar an tura mata darussan bidiyo kusan talatin. Goma na farko suna buɗewa, sauran kuwa suna ne kawai, in ka taɓa babu komai a ciki. Na ce, "Kawu, ina risit?" Ya ce, "Wane risit kuma? Ai sautu na." Giga 512 ɗin nan a jikin kwali ta tsaya. An yi wa na'urar siddabaru ne ta riƙa faɗin abin da ba ta da shi, duk abin da aka zuba ya wuce ɗan cikinta na gaskiya sai ya bi iska.

Ba kawu kaɗai ba ne. Mu mutanen Anka da Bukkuyum da Gummi da ido muke sayen na'ura, ko da bakin ɗan aike, alhali tun kaka da kakanni an ce ba a cinikin biri a sama. Su kuma masu ƙera kayan ba da mu suka yi lissafi ba. Lokacin da kamfanin Apple ya fitar da iPad ta farko a 2010, wanda ke ransa shi ne mai zaune a gida da intanet dare da rana, wuta ba yankewa. Mu kuwa ba mu manta Satumbar 2021 ba, sa'ad da aka rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, a wurare da yawa har aka yi watanni, mutum sai ya tsallaka wata jiha kafin ya ji muryar ɗan'uwansa. Ko yau, ka fita kaɗan daga cikin gari ka nufi ƙauyukan Zugu ko Bagega, sabis sai an hau tudu. Saboda haka tambayar da ta dace da mu gaban mai shago ita ce: ran da babu sabis, babu wuta, me abin nan zai iya yi min?

Amsar tana cikin ma'aji. Tab ɗin da aka cika da littattafai, da karatun Alƙur'ani, da tafsiri, da tambayoyin jarrabawa na shekarun baya, ba ruwanta da ko akwai sabis. Gwamnatin jihar Osun ta fahimci haka tun a 2013, zamanin Gwamna Rauf Aregbesola, da ta raba wa ɗaliban sakandare tab mai suna Opon Imo. Littattafan da tambayoyin duk a ciki aka zuba su, ba sai an hau intanet ba. Ko mene ne ra'ayin mutum kan yadda shirin ya kaya, wannan tunanin shi ne ya dace da ƙasarmu.

A nan ne masu saye suka fi ruɗewa, domin giga biyu ake rubutawa a kwali, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Ma'aji shi ne rumbu, inda kaya ke kwana. RAM kuwa turmi ce, inda ake aiki a lokacin da ake yi. Komai girman rumbu, in turmi ƙarami ne, kaɗan-kaɗan za a yi daka, abin da muke cewa na'ura na "tsayawa" ke nan. A ganina, duk tab ɗin da turminta bai kai giga 4 ba, a yau wahala za ka saya. A lura kuma da wayon da ya shigo: a rubuta 8 da manyan baƙaƙe, can ƙasa da ƙanana a sa 4+4. Huɗun farko ne na gaskiya, na biyun aro ne daga rumbu, kuma ba ya kama ƙafar na gaskiya wajen sauri. Rumbu kuwa, giga 32 ta yi kaɗan, don babbar manhajar da ke tuƙa na'urar ta riga ta cinye kaso mai tsoka tun kafin ka buɗe kwali. Giga 64 ne mafari, 128 ya fi kwanciyar hankali. A duba ko akwai ramin sa katin memori. Yawancin masu Android suna da shi, iPad ba ta da shi ko kusa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da shagon masu turi ya fi data araha.

Sai maganar layi. Ba kowace tab ce ke ɗaukar sim ba. Da yawa, musamman na gwanjo da ake kawowa daga Turai da Amurka, da Wi-Fi kawai suke aiki, to gidajenmu nawa ne ke da shi? Ana iya jona ta da waya ta sha daga datarta, amma batir biyu ke nan kake ƙonawa lokaci guda. Ko iPad mai ɗaukar sim, na data ne kawai, ba a buga kira da ita irin na waya. Kada ka yarda da "tana ɗauka" na baki. Ciro layinka, ka sa, ka ga 4G ya fito da idonka.

Manhaja ita ce ɓangaren da ido ba ya gani, kuma ita ke kashe na'ura alhali jikinta garau. Kowane ƙarni na Android yana da lamba, kuma manhajojin da muke dogara da su suna yin gaba su bar tsofaffi a baya. Tun a 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan Android da bai kai 5 ba. Manhajojin banki ma haka suke yi, wasu sun fi shi tsanani. Wanda ya sayi tab mai tsohon Android don araha, ba da jimawa ba zai tarar tana kunnuwa lafiya lau amma ba ta karɓar abin da ya saye ta dominsa. Ga kuma wasu guda biyu da ke yawo a kasuwa suna yaudarar ido da kyawun jiki. Amazon Fire tana da sauƙin kuɗi, sai dai ba ta zuwa da Play Store, kantin manhajojin Google. Sababbin na'urorin Huawei ma, tun da Amurka ta sa wa kamfanin takunkumi a 2019, ba sa zuwa da manhajojin Google. Masu gyara kan yi dabara su cusa, amma abin da aka cusa da dabara da dabara yake zama, yau ya yi gobe ya ƙi. Hanya mai sauƙi: buɗe Play Store, shiga saitinsa, ka gangara ƙasa inda yake faɗin ko Google ya tantance na'urar. In bai tantance ba, ajiye musu abinsu.

Yanzu girman fuska, abin da kawu ya fara nema. Ana auna shi da inci ne daga kusurwa zuwa kusurwa, ba faɗi ba, kuma inci ɗaya santimita biyu da rabi ne da ɗoriya kaɗan. Wannan awon na ɓoye wani abu: fuska mai inci 10 ta ninka mai inci 7 wajen fili, ko da yake a baki tazarar uku ce kawai. Ma'aikacin lafiya ko malamin gona da ke yawo kan babur ƙauye zuwa ƙauye yana cike fom, inci 8 ta ishe shi, tana shiga aljihun jaka, ana riƙe ta da hannu ɗaya kamar na'urar BVAS da muka gani a rumfunan zaɓen 2023. Mai karatun littafi kuwa, ko dattijon da ke son ya ga shafin Alƙur'ani cikakke da wasullansa ba tare da ya riƙa ja da yatsa ba, inci 10 ko 11 ne nasa. Amma girma ba shi ne tsabta ba. Akwai wasu lambobi biyu da ke faɗin yawan ɗigon da ke haɗa hoto: 1280 da 800 a kan inci 10 zai sa gefen baƙaƙe ya yi burji-burji, 1920 da 1200 ne ke hutar da ido. Fita da ita ƙofar shago cikin rana ka gani ko rubutun na karantuwa, domin ba a ɗaki mai labule za ka yi amfani da ita kullum ba.

Bari in ɗan ratse saboda iyaye. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, amma a ɗakin jarrabawa ba shafa gilashi ake yi ba, madannai ake dannawa. Yaron da ya saba da yatsa kawai zai iya daburcewa ran nan. In don jarrabawa aka sayi tab, a haɗa masa da ɗan madannai ya saba. Ƙananan yara kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa 'yan shekara biyu zuwa huɗu kada su wuce awa ɗaya a yini gaban gilashi. Tab ba 'yar raino ba ce.

Kyamara kada ta ɗauke maka hankali. Wayar da ke aljihunka ta fi ta.

Batir ne zan tsaya a kai, don mu masu kai caji shago ne. Babbar fuska ta fi cin wuta, shi ya sa lambar batirin tab ta fi ta waya girma ba tare da ta fi ta daɗewa sosai ba. A inci 10, nemi wajen mAh 7000 zuwa sama. Bakin caji ya zama USB-C, wanda tun ƙarshen 2024 Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin wayoyi da tab, don haka wayarsa ba za ta yi wuyar samu ba. Babban maƙiyin batir zafi ne. Apple da kansa ya ce a yi amfani da iPad a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu 40 ba labari ba ne. Barin tab cikin mota, ko kan teburin mai caji a ƙarƙashin kwanon rufi kusa da janareta, shi ke sa bayanta ya kumbura. Da ka ga kumburi ko gilashi ya fara ɗagowa, daina caji nan take. Irin wannan batirin na iya kamawa da wuta.

Kafin ka biya, je wajen mai gyaran waya na garinku ka tambaye shi gilashin wace tab yake iya samu. Samsung da Lenovo, da Tecno da itel na kamfanin Transsion, sanannu ne, ana iya aikawa Gusau ko Sakkwato ko kasuwar Farm Centre ta Kano a nemo kayansu. Mai sunan da ba wanda ya taɓa ji, ran da ta faɗi ta fashe, shi ke nan ta zama faranti. Kuma kowa ya san bin hanyar Ɗaki Takwas zuwa Anka zuwa Mayanchi don mayar da kaya ba tafiyar da ake yi don nishaɗi ba ce.

Ta hannu ba laifi ba ce, sau da yawa tsohuwar Samsung ko iPad ta gaskiya ta fi sabuwar bogi. Sai dai a sa mai ita ya fita daga asusunsa na iCloud ko Google a gabanka, ya goge komai, ka kunna ta daga farko da naka. In ta nemi kalmar sirrin wani, kulle take, wataƙila ma ta sata ce, kuma kai za a kama da ita. Risit mai ɗauke da lambar na'urar da sunan shago dole ne, sabuwa ko tsohuwa.

Gwajin rumbu kuwa, kada ka dogara da abin da saitin na'ura ya nuna, don nan ne 'yan bogi suka fara gyarawa. Je da katin memori ko filashi cike da manyan bidiyo, ka zuba mata da yawa, har ya haura giga 30, sannan ka buɗe na ƙarshen da ya shiga, ka ja shi zuwa tsakiya ka kalla. Zai ɗauki lokaci, mai shago zai yi ta duba agogo. Ka nemi kujera ka zauna. Da na yi wa ta kawu wannan gwajin, ko giga 16 ba ta cika ba. Yanzu tana hannun ƙannen yarinyar suna kallon zane-zane a ciki, ita kuwa ta ƙarasa shirin jarrabawarta da tsohuwar wayar babarta.