Amanar Riƙon Zauren WhatsApp: Me Ke Kan Admin?

 'Yan'uwa masu karatu, da ku ɗalibanmu na safe da na dare, a wannan fitowa za mu yi magana a kan wani aiki da ba mu karanta babinsa a Ishmawi ko Risala ba, amma yau da wuya ka sami masallacin da ba shi da mai yin sa. Muna nufin riƙon zauren WhatsApp, wato aikin wanda ake ce wa admin.

Ga abin da ya sa muka ɗauko maganar. Watannin baya, bayan sallar asuba, wani dattijo daga cikin jama'armu ya saka hoton wani matashi ɗan kabu-kabu a zauren masallaci, ya bi shi da vokal cewa ga wanda ya ɗauke babur a ƙofar masallaci daren jiya, duk wanda ya gan shi ya riƙe shi. Admin ɗinmu yaro ne mai natsuwa, a hannunmu ya sauke Alƙur'ani. Ya ga saƙon tun da sanyin safiya, ransa bai kwanta da shi ba, amma ya ji nauyin goge maganar sa'an mahaifinsa. Ya ce bari ya jira Liman. Mu kuwa ranar muna wajen jana'iza a wani ƙauye da babu rezo. Kafin azahar hoton ya shiga zauren 'yan kasuwa da na unguwanni biyu. Da la'asar gaskiya ta fito. Ashe babur ɗin yaron ne ya lalace, ƙanen mai babur ya ara masa nasu ya kai mara lafiya likita, bai gaya wa yayansa ba. An goge hoton a zaurenmu, dattijo ya ba da haƙuri, amma har yau akwai masu tsayar da kabu-kabu, da sun ga fuskarsa sai su ce ya wuce.

Daga nan muka gane cewa saƙo da mai saƙo ba hukuncinsu ɗaya ba. Saƙon da zai cutar ana gaggawar cire shi, shi kuwa mutum ana jinkirin cire shi. Yawancin masu riƙon zaure da muka sani akasin haka suke yi. Mugun saƙo zai kwana ya wuni suna kallo, ran da ransu ya ɓaci kuma sai su fatattaki mutum waje ba ko sallama.

Ya kamata a fara sanin dalilin da ya sa nauyin ya faɗo kan admin shi kaɗai. Dandali irin Facebook yana da dubban ma'aikata da na'urori masu duba abin da ake wallafawa. WhatsApp ba haka yake ba. Tun 2016 saƙonninsa a kulle suke tafiya, mai aikawa da waɗanda aka aika wa ne kawai ke iya buɗewa, kamfanin kansa ba ya karantawa sai in wani ya kai masa ƙarar saƙo. Ga shi kuma zaure ɗaya yana iya ɗaukar mutum har 1,024, ya fi sahun Juma'ar wasu masallatai. Abin da kamfanin ya iya yi shi ne rage gudun saƙo. A 2018, bayan jita-jitar satar yara ta sa an kashe mutane a Indiya, sai aka fara sa alama a kan saƙon da aka turo daga wani wuri. A Janairun 2019 aka taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda a duk duniya, a Afrilun 2020 kuma, lokacin korona, saƙon da ya sha yawo aka mai da shi wuri ɗaya. Duk wannan birki ne kawai. Na'ura ba ta san yaron nan ɓarawo ne ko ba ɓarawo ba. Waɗanda suka manyanta za su tuna daren ruwan gishiri a 2014, da aka yi ta bugo waya ana aiko da saƙo daga Nijeriya cewa a yi wanka da shi a sha saboda Ebola, har aka ba da rahoton rasa rayuka. Kowa da ya tura, da niyyar ceton ɗan'uwa ya tura.

Abin da ke hannun admin ba shi da yawa, amma ya isa. Tun 2022 yana iya goge saƙon wani ya ɓace ga kowa, muddin bai wuce kamar kwana biyu ba. Yana iya rufe zaure ya zama masu riƙo kaɗai ke magana. Yana iya sa sai da yardarsa sabon mutum zai shigo, yana kuma iya cirewa. Shi ke nan.

To, ina wannan ya faɗa a karatunmu? Mu a ganinmu zaure fada ce, irin wadda samari ke kafawa a bakin hanya da butar shayi. A hadisin Abu Sa'id al-Khudri da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya tsoratar da sahabbai zaman bakin hanya. Da suka nuna ba su da makawa, bai rushe zaman ba, sai ya ɗora masa haƙƙoƙi: kame ido, kame cutarwa, amsa sallama, umurni da kyakkyawa da hani da mummuna. Haka zaure. Ba mu ce a bar shi ba, don ta nan muke sanar da jana'iza da ɗaurin aure da canjin lokacin karatu. Amma wanda ya buɗe shi ya tara mutane, shi ne na farkon wanda za a tambaya haƙƙinsa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta ɗora mana bincike kafin a yi aiki da labari, don kar a cutar da mutane cikin jahilci a dawo ana nadama. A Suratun Nur kuwa, a ƙissar ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha (RA), zargin bai tsaya kan wanda ya ƙirƙira kaɗai ba, ya haɗa da waɗanda suka riƙa karɓa daga baki zuwa baki suna ganin abu ne mai sauƙi. A zamaninmu yatsa ne ya karɓi aikin harshe.

Saboda haka duk saƙon da ya ambaci sunan mutum ko ya nuna hotonsa da tuhuma, admin ya goge nan take, ko wa ya saka, ko da mu ne. Gogewa ba ƙaryatawa ba ce. In daga baya ya tabbata gaskiya ne kuma akwai amfanin sanarwa, minti ɗaya ya isa a sake sakawa. In kuwa ƙarya ne aka bari ya fita, babu mai iya bin sa waya-waya ya dawo da shi. Haka hotunan gawa da na haɗarin mota, waɗanda sau da yawa iyalin mamaci a nan suke fara ganin labarin. Haka lambobin neman taimako da ba a san mai su ba. Haka sanarwar ganin wata kafin hukumar da ke da alhaki ta yi magana, musamman mu da ke kusa da iyaka, inda sanarwar fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato kan shigo zaurukanmu wani ya ɗauka ta ƙasarmu ce. Sai kuma hadisan ƙarya. Wasiyyar nan da ake jingina wa wani Shehu Ahmad mai hidimar ɗakin Annabi, wadda ke alkawarin arziki ga wanda ya yaɗa da bala'i ga wanda ya ƙi, tun muna yara take yawo a takarda. Malamai, ciki har da Shehu Ibn Baz, sun bayyana ƙarya ce. Yau ga ta nan ta dawo da sabuwar riga, kuma ɗalibanmu ne ke tura ta, abin da ya fi damunmu ke nan.

Amma fa ikon gogewa yana da iyaka, kuma a nan ne masu zafin kai ke zamewa. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya yi bayanin sharuɗɗan abin da ake hanawa a littafinsa Ihya'u Ulumiddin. Biyu daga ciki kamar don admin aka rubuta su. Na farko, abin ya zama a bayyane yake ba sai an yi leƙen asiri ba. Ke nan admin ba shi da hurumin bin abin da mutum ya saka a wani zaure ko a shafinsa ya zo ya hukunta shi a namu. In dai wata 'yar'uwa ce ta kawo ƙara da hujja cewa wani ya ɗauki lambarta daga zaure yana damunta, wannan ba leƙe ba ne, ƙara ce, kuma wajibi ne a saurare ta a ɓoye ba tare da an fallasa sunanta ba. Na biyu, abin ya zama sananne ne mummuna, ba wanda malamai suka yi saɓani a kansa da ijtihadi ba. Sahun masallacinmu akwai mai ƙabalu akwai mai sadalu, kafaɗa da kafaɗa. Admin da ke goge karatun malaman da ba nasa ba, ya bar na nasa, ya ci amana ko da yana ganin addini yake karewa. Abin da zai goge shi ne zagi da kafirtawa da laƙabin izgili, daga kowane ɓangare suka fito. In muhawara ta yi zafi, ya rufe zauren na dare ɗaya. Mun gwada, da safe rabin masu faɗan sun manta a kan me suke yi.

Yanzu sai mutum. Gazali ya jera matakan hani daga sanarwa zuwa wa'azi mai taushi kafin a kai ga tsanani, domin da yawa ba su san laifi suke yi ba. Ku tuna baƙauyen da ya yi fitsari a masallacin Madina. Sahabbai suka taso masa, Manzon Allah (SAW) ya hana su, ya sa aka kwarara ruwa a wurin, sannan ya kira shi ya karantar da shi. An wanke wurin a take, mutumin kuwa ba a kore shi ba. Wannan shi ne aikin admin gaba ɗayansa. Bayan ya goge, kar ya tsaya yin faɗa a cikin zaure, ya kira mutumin a waya ko ya same shi bayan salla. In babba ne, akwai harshen da ake yi masa magana da shi: "Baba Alhaji, a gafarce ni, na ɗan sauke saƙon nan ne kafin mu tabbatar, in ya inganta ni da kaina zan mayar." Ba mu taɓa ganin dattijon da ya yi fushi da irin wannan ba. Abin da ke ɓata musu rai shi ne yaro ya gyara su a gaban mutum ɗari uku.

Kuskurenmu a lamarin ɗan kabu-kabu shi ne mun ɗora wa yaro kaya ba mu ba shi gammo ba. Mun naɗa shi don ya fi mu sanin waya, ba mu taɓa faɗa a gaban jama'a cewa in ya goge da yawunmu ya goge ba. Gaskiya ce mai ɗaci, amma a masallatai da yawa saƙon wanda ya sayi tabarmi ko ya biya kuɗin wuta ba ya goguwa, na talaka kuwa ba ya minti biyar. Jama'a suna lura, kuma daga ranar da suka lura dokar zaure ta mutu.

Cire mutum shi ne magani na ƙarshe, bayan an yi masa magana sau ɗaya, sau biyu, ya nace. Ko a nan ma kar mutum ɗaya ya yanke, kuma kar admin ya yi alƙalanci a faɗan da shi kansa yake ciki. A sanar da mutumin dalili kafin a cire shi, a kuma gaya masa ranar da ƙofa za ta buɗe. Mun ga wanda aka cire daga zaure ya daina zuwa jam'i, don kunyar haɗa ido da mutane. Wace riba aka ci? Sayyidina Abubakar (RA) ya rantse zai yanke taimakon da yake yi wa Misɗahu saboda ya sa baki a ƙazafin 'yarsa. Da aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka tana kira zuwa ga yafiya, sai ya mayar masa da abin da yake ba shi. Babu wanda aka yi wa laifi a zaurenmu da ya kai wannan.

Akwai kuma doka, ga wanda wa'azi bai ishe shi ba. A nan Nijar tun 2019 akwai dokar yaƙi da laifuffukan intanet, kuma a 2024 an dawo da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi ta waya. "Turo mini aka yi" ba ya wanke mutum a gaban alƙali.

Kwamitin masallaci ya zauna ya tsayar da cewa daga yanzu masu riƙon zaure uku ne, dattijo ɗaya da matasa biyu, kowannensu yana da izinin goge tuhuma ba sai ya jira kowa ba. Za a riƙa rufe zaure daga ƙarfe 10 na dare zuwa bayan asuba, wanda ke da sanarwar rasuwa ya kira ɗaya daga cikinsu. Wanda aka goge wa saƙo yana ganin an zalunce shi, ya same mu bayan isha'i.

Game da yaron nan kuma, mun wanke shi a kan mumbari Juma'ar da ta gabata, amma masu sayayya a kasuwa ba duka ke salla a nan ba. Muna roƙon duk wanda ya san ya tura hotonsa wani wuri, ya koma can ɗin da kansa, ya rubuta cewa abin da ya tura ba gaskiya ba ne, ya kuma roƙi admin ɗin can ya sanar. Mun ƙirga mutum bakwai da suka amsa mana sun tura. Zuwa ranar da muke wannan rubutu, uku ne suka koma.