Mayar da Ruwaitacciyar Magana Bakin Mai Ita a Turanci

Hanya biyu ce a ke kawo zancen wani a rubuce. Ko dai a kawo kalmominsa daidai yadda suka fito daga bakinsa, watau magana kai tsaye, ko kuwa a ba da labarin abin da ya faɗa, watau ruwaitacciyar magana. Littattafan nahawun Turanci sun fi ba da ƙarfi ga juyawa daga ta fari zuwa ta biyu, har a kan zaci komowa baya ba wani abu ba ne illa warware ƙa'idodin nan. Al'amarin kuwa ya fi haka wuya, balle ga ɗalibi Bahaushe.

Babbar wahala tana wajen lokacin fi'ili. A Hausa, in Audu ya ce, "Ina zuwa," sai a ruwaito cewa Audu ya ce yana zuwa. Wakilin suna ya sāke, amma lokaci yana nan yadda ya ke. Turanci kuwa ya kan ja fi'ili baya taki ɗaya, sai "I am coming" ta zama he said he was coming. Saboda haka ɗalibin da ya bi al'adar harshensa ya kan rubuta "I was coming," ya sa wa Audu abin da bai faɗa ba.

Sa'an nan ja da bayan nan ya kan haɗe sigogi dabam dabam su zama guda. Alal misali, Binta said that she had finished tana iya fitowa daga "I finished," ko "I have finished," ko "I had finished." Haka kuma would tana iya zama will, ko shall, ko ta tsaya a would ɗinta. Jimla ɗaya tilo ba ta isa ta nuna wadda aka nufa ba.

Wakilin suna ma yana da irin wannan ruɗani. A cikin Musa told Audu that he had passed, mai cin jarrabawar yana iya zama Musa, ko Audu, ko wani can dabam, watau I, ko you, ko he. Nan Hausa da Turanci sun yi tarayya, gama "Musa ya gaya wa Audu ya ci" ba ta fayyace kowa ba.

Tambaya kuwa tana bukatar a komo da tsarinta na asali. He asked where she lived sai ta koma "Where do you live?" Wannan do ba ta da takwara a Hausa, shi ya sa a kan manta da ita.

Don haka ya kamata malami ya riƙa ba ɗalibai labari cikakke maimakon jimloli warwatse, domin abin da ya gabata shi ke nuna wanda ya yi magana, da wanda aka yi wa, da lokacin da aka yi ta. In kuwa jimla ɗaya ya bayar, wajibi ne ya karɓi kowace amsa da nahawu ya yarda da ita, kada ya kayar da yaro a kan abin da ya yi daidai.