Ƙiba Ba Ita Ce Lafiya Ba: Ku Auna Cikinku da Igiya

'Yan'uwa, idan mutum ya dawo ƙauye daga Ngaundere ko Garwa ya ajiye tumbi, mukan ce masa, "Lallai ka ji daɗi." Amarya kuma idan ta yi wata uku a ɗakinta ba ta ciko ba, sai dangi su fara tambaya ko ba a ba ta abinci. Ba banza muke tsoron rama ba. Mun san yunwa, mun kuma ga yadda sida ta ramar da mutanenmu. Amma mu da muke awon marasa lafiya kullum, muna ganin abin da ƙiba take ɓoyewa.

Wata mai sayar da abinci a tasha ta zo wurinmu da ciwon gwiwa kawai. Da na auna jininta sai na samu 170 bisa 100, alhali daga 140 bisa 90 hawan jini yake farawa. Sukarinta ma ya hau. Ta ce mini, "Malama, ni ban taɓa kwanciya ciwo ba." Gaskiya ta faɗa. Hawan jini da ciwon sukari sukan yi shekaru ba su nuna alama ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye, ko ido ya dushe, ko ƙoda ta gaza.

Ina kitsen yake?

Kitsen da ya fi haɗari shi ne wanda ya taru a ciki, ya lulluɓe hanta da hanji. Yana hana insulin aiki, wato sinadarin da ke kwashe sukari daga jini ya kai shi cikin tsoka. Sai sukari ya taru a jini, zuciya kuma ta ƙara wahala. Shi ya sa mutum zai iya zama siriri a hannu da ƙafa, amma tumbinsa ya sa shi cikin haɗari.

Ba sai kuna da sikeli ba. Ku nemi igiya. Ku tuɓe takalmi ku miƙe tsaye, wani ya auna igiyar daga ƙasa zuwa tsakar kanku, ya yanke. Ku ninka ta biyu, ku zagaya ta a ciki, ɗan sama da cibiya, ba tare da kun tsuke cikin ba. Idan bakin igiyar biyu sun haɗu, madalla. Idan ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Ka'idar ita ce, kewayen ciki kada ya kai rabin tsawon mutum. Mai tsawon santimita 160, cikinsa ya tsaya ƙasa da 80. Wannan awo ba na masu juna biyu ba ne, ba kuma na ƙananan yara ba.

Abin da ke cikin kwano

Ba mu ce ku bar tuwo ba. Manomin da ke riƙe da fartanya tun asuba yana ƙone abin da ya ci. Matsala tana zuwa ne idan aikin ya ragu amma malmala ba ta ragu ba: lokacin rani, ko bayan an buɗe shago, ko an sayi babur.

Ku raba kwanon haka: rabi miyar ganye, kamar zogale, rama, yakuwa, alayyahu ko kuɓewa. Ɗayan rabin ku raba shi biyu, gefe ɗaya tuwon masara, dawa, rogo ko shinkafa, ɗaya gefen wake, kifi, ƙwai ko nama. Ganye da wake suna riƙe ciki, yunwa ba ta saurin dawowa.

Ke uwargida, ki riƙa auna mai da cokali, kada ki tuttula daga kwalba. Fanke, ƙosai da soyayyen dankali su zama na wani lokaci, ba na kowace safiya ba.

Ku kula da abin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin babban mutum kada ya wuce wajen giram 50 a yini, ya fi kyau ma a tsaya a 25. Ƙaramar kwalbar lemo guda ɗaya tana ɗauke da wajen giram 35, kusan ƙwayar sukari 7. Ku lissafa wanda kuke zubawa a shayi, kunu da fura. Ku rage ƙwaya ɗaya kowane mako, harshe zai saba. Giya da bilbil ma suna tara tumbi, suna kuma ɓata hanta.

Gishiri ba ya sa ƙiba, amma yana hawar da jini. Ƙasa da giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya, shi ne iyaka, kuma dunƙulen miya yawancinsa gishiri ne. Daddawa, albasa, tafarnuwa da citta suna ba miya ɗanɗano.

Ku motsa jiki

Ana buƙatar aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 a kwana 5. Tafiya da sauri ta isa, irin wadda za ku iya magana amma ba za ku iya rera waƙa ba. Idan majami'a, masallaci ko kasuwa ba su da nisa, ku bar babur ku taka. Matan zumunta za su iya haɗuwa su yi tafiyar tare da sassafe. Mai ciwon gwiwa ya fara da minti 10, yana ƙarawa a hankali. Ku kuma sami barcin awa 7 ko fiye, domin ƙarancin barci yana ƙara yunwa.

Kada ku yi gaggawa. Rabin kilo a mako ya wadatar. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya bi mutanen da ke gab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka taimaka wa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, suna tafiyar minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 80, kilo 5 zuwa 6 ke nan.

Gargaɗi uku

Na ɗaya, 'yar'uwa, ki guji ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Wasunsu deksametazon ne. Yana kumbura fuska da ciki, ya hawar da jini da sukari, ya raunana ƙashi. Idan kin daɗe kina sha, kada ki daina farat ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Ki zo da kwalin, ba wanda zai yi miki faɗa.

Na biyu, mai juna biyu, mai shayarwa da yaro mai girma ba sa rage abinci da kansu.

Na uku, idan kuna ramewa ba tare da kun nema ba, musamman tare da tari na mako biyu, gumin dare, ko yawan ƙishi da fitsari, ku zo awo da wuri. Yana iya zama tarin fuka, sida ko ciwon sukari, kuma duka suna da magani mai taimako.

Jikinmu amana ce daga Allah, kuma akwai masu dogara da ƙarfinmu. Ku gwada igiyar yau, ku ajiye ta, ku sake gwadawa bayan wata uku. Idan ba ta haɗu ba, ku zo asibiti da safe kafin ku karya, mu auna jini da sukari. Allah ya ƙara mana lafiya.