Kwashe Fayiloli Daga Tsohuwar Kwamfuta Zuwa Sabuwa

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar da yake ba ta kyauta, kamar yadda ya yi wa Windows 7 a 2020, da Windows XP a 2014. Kwamfutar ba ta mutuwa don wannan, amma kariyarta tana raguwa, kuma da yawa daga cikin tsofaffin laftof na tokumbo ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Ko ba wannan ba, zafin bazara da ƙurar hunturu suna cin na'ura. Don haka mai shagon buga takardu a Sandamu, ko malamin da ke ajiye sakamakon ɗalibai, ko ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Daura, wata rana sai ya sauya kwamfuta. Sayen sabuwa ba wuya in akwai kuɗi: hanyar Kano ta ratsa ta garin Sandamu. Abin da kasuwa ba ta sayarwa shi ne aikin shekaru da ke cikin tsohuwar.

Duk wannan aikin yana zaune ne a wuri guda, faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had-disk. A cikinsa akwai faranti mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke shawagi dab da farantin yana rubutu da maganaɗisu. Wanda IBM ya fara fitarwa a 1956 bai wuce megabait 5 ba, hoton waya ɗaya ko biyu ke nan. Yau faifan laftof yana ɗaukar gigabait 500 ko fiye. Sabbin kwamfutoci kuma sun koma SSD, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa. Abin lura shi ne, sau da yawa idan aka ce kwamfuta ta mutu, allonta ne ko wutarta, faifan kuwa yana nan lafiya lau.

Fayil daban, manhaja daban. Takardu da hotuna da sauti ana kwafe su yadda suke. Amma Microsoft Word ko CorelDraw, ko an kwafe foldarsu ba za su yi aiki ba, domin lokacin da aka girka su sun baza bayanansu a sassan Windows da dama. Mai tashi daga gida yana kwashe tukwane da tabarmi, amma ba ya ɗaukar rijiya, sai ya haƙa wata. Manhaja sai an sake girka ta, don haka a nemo lambar lasisinta tun tsohuwar na raye.

Idan tsohuwar tana kunnuwa, aikin da sauƙi. A sami filash ko faifan waje, a shiga C, a buɗe foldar Users, a nemi sunan mai kwamfutar. Nan Documents da Desktop da Pictures suke. A tsohuwar XP sunan foldar Documents and Settings. Kar a manta da Downloads, wadda ta zama jujin da kowa ke barin muhimman abubuwa a ciki, haka nan ɓangaren D idan an raba faifan. A kwafa kawai, ban da yankewa. Wanda ya yanke, aka ɗauke wuta ana tsaka da aiki, zai iya tashi da rabin kaya can, rabi nan, bai san inda aka tsaya ba. A ƙasar da wutar KEDCO ba ta sallama kafin ta tafi, gara a jira a tayar da janareta ko batirin sola ya cika.

Ramin filash ɗin ma yana da tasiri. USB 2.0 yakan kwashe gigabait 100 cikin kusan awa guda, USB 3.0, wanda galibi cikinsa shuɗi ne, kan gama cikin kamar minti ashirin. Idan kuma filash ya ƙi karɓar bidiyon biki alhali da sauran wuri, ba lalacewa ya yi ba: tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4, sai an mayar da shi exFAT ko NTFS, kuma yin hakan ta hanyar fomatin yana share abin da ke ciki. Filash ɗin da ya zaga shaguna kuwa a bincike shi tukuna, don kar bairos mai ɓoye foldoji ya zama baƙon farko a sabuwar kwamfuta. Akwai hanyar intanet, Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta, amma kuɗin data da tafiyar sabis sun sa ta fi dacewa da takardu kaɗan masu muhimmanci.

Idan tsohuwar ta ƙi tashi sam, sai a kwance ta a zaro faifan, a sa shi cikin ɗan kes mai wayar USB, ya zama kamar babban filash. Na laftof mai inci 2.5 wutar USB ta ishe shi. Na kwamfutar tebur mai inci 3.5 sai da nasa abin wuta. Kafin a tafi Daura ko Kano saye, a ɗauki hoton bakin faifan, domin na SATA da tsohon IDE mai jerin allurai ba kes ɗaya suke shiga ba. Faifan da aka kulle da BitLocker ba ya buɗuwa sai da mabuɗinsa mai lambobi 48, wanda sau da yawa yana cikin asusun Microsoft na mai shi. Wanda kuma ke ƙara ƙas-ƙas idan an ba shi wuta, a kashe shi nan take a kai wa ƙwararre, domin kowane juyi ƙarin ɓarna ne.

Akwai wata asara da ta keɓanta da masu rubutun Hausa. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, da haruffa na musamman ake buga ƙ da ɗ da ɓ, irin su Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar. Harafin yakan ari gurbin wata alama ya ɗora mai lanƙwasa a kai. Idan aka buɗe takardar a kwamfutar da ba ta da shi, sai "ƙasa" ta fito "}asa", "ɗaya" ta fito "]aya". Mutane da dama sun zaci rubutunsu ya lalace, har wasu su sake bugawa daga farko. Ba komai ba ne: a kwafo harafin daga foldar Fonts da ke cikin Windows na tsohuwar, a girka a sabuwar. Mafi alheri ma a yi amfani da damar a sauya alamomin zuwa haruffan Unicode gaba ɗaya, yadda takardar za ta karantu a kowace waya.

Bayan an gama, a kwatanta yawan fayiloli da nauyinsu a ɓangarorin biyu, a buɗe wasu daga foldoji daban-daban a gani da ido. Sannan a bar tsohon faifan a ajiye na 'yan makonni, domin abin da aka manta ba ya bayyana sai ranar da aka buƙace shi.

Sai an tabbatar sannan a yi maganar sayarwa ko kyautarwa. Gogewa da fomatin na gaggawa ba sa share bayani, suna dai cire shi ne daga jerin sunaye, kuma manhajar dawo da fayil tana iya tono shi. Kwamfutar shagon buga takardu kuwa cike take da hotunan fasfo da lambobin katin ɗan ƙasa da takardun filayen mutanen gari, duk amana ce. A yi cikakken fomatin, wanda ke bin faifan yana rubuta sifili a kansa, ko kuma a cire faifan a riƙe, a sayar da gangar jikin kawai.