Kafin baƙin tantancewa su iso kwaleji

Yaron da ya gama sakandare a Illela yana da hanyoyi biyu a gabansa. Ko dai ya yi kudu, ya nemi gurbi a Kwalejin Fasahar Lafiya ta Sultan Abdurrahman da ke Gwadabawa ko wata makaranta a birnin Sakkwato, ko kuma ya tsallaka Ƙonni ya nemi ilimi a Nijar. Duk inda ya nufa, akwai tambayar da iyaye ba su cika yi ba: shin an tantance kwas ɗin da zai karanta?

A Najeriya hukumomi ne ke wannan aiki. NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke Kaduna, ita ke duba kwalejojin kimiyya da fasaha. NCCE, tun 1989, tana kula da kwalejojin horar da malamai, NUC kuma jami'o'i. Kwas kwas suke bi, don haka makaranta ɗaya tana iya samun sashen da ya haye da wanda ya faɗi.

Tun kafin tawagar hukuma ta taka ƙofar makaranta, ana ba kowane sashe takardar binciken kai ya cike. A nan ne aikin yake. Sashe zai lissafa malamansa da takardun kowannensu, ya faɗi ɗalibai nawa ke gaban malami ɗaya, ya ƙirga littattafan laburare da shekarun da aka buga su, ya bayyana kayan ɗakin gwaji, har da waɗanda suka lalace. Zai fito da tsofaffin tambayoyin jarrabawa da takardun amsa da rahoton mai duba jarrabawa na waje. Idan aka fara da wuri, kuma aka faɗi gaskiya, shugaban kwaleji zai ga giɓin da idonsa, ya sami hujjar da zai kai wa gwamnati ko mai makarantar a ɗauki malamai, a sayo kaya.

Sai dai wasu makarantun sun mai da abin kwalliyar mako guda. A yi fenti, a aro na'urori daga maƙwabta, a gayyato malaman da za su zauna a ofis har baƙi su tafi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma an ɓoye, kuma ɗalibin da zai fita bai taɓa riƙe kayan aikinsa ba shi ne zai biya, shi da majinyacin da zai zo hannunsa a asibitin ƙauye.

Sakamakon tantancewar iri uku ne: cikakkiyar amincewa ta shekara 5, ta wucin gadi ta shekara 2, ko a hana, a dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai a kwas ɗin.

Masu tsallaka iyaka su ma su lura. A Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da karɓar digirin Benin da Togo, bayan ɗan jarida Umar Audu ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni shida. Ƙasashen da ke amfani da Faransanci, har da Nijar, suna da CAMES, mai mazauni a Wagadugu, wadda ke tantance takardun karatu. Duk da haka, digirin waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta duba shi kafin mai shi ya tafi bautar ƙasa.